Shida Sau Biyar

Shekara tara ke nan Nafi'u bai ce "Baba" ba.
Na daina ƙirga wannan.
Akwai abin da in ka ƙirga shi, kai yake ragewa.

Likita a babban asibitin Kumasi ya ba abin suna mai tsawo,
na rubuta a bayan takardar awo,
ta ɓace cikin ƙyallaye.

A makarantarsu ta Asawase
yara na rera "biyu sau biyu huɗu" kamar kwaɗi bayan ruwa,
shi kuwa ya toshe kunnuwa, ya shige ƙarƙashin benci.
Malama Rakiya ta ce, da tausayin nan mai ƙuna,
"Malam Muntari, lissafi fa sai da baki."
Na kama hannun ɗana, muka hau trotro, ban tanka ba.

A shago yana da kusurwarsa, gefen dutsen guga,
da tsohon gwangwanin Milo cike da maɓallai.
Yakan jera su, fari da fari, baƙi da baƙi,
kowane layi miƙe kamar sahun Asuba.
In ka taɓa ɗaya, ka taɓa masa duniya.

Ranar da aka ɗauke wuta, keke ya yi shiru,
sai na durƙusa nesa kaɗan, ban dube shi ba,
don idona nauyi yake yi masa.
Na ajiye uku. Ƙarƙashinsu uku. Uku kuma. Uku.
Na zana sha biyu da allin tela a kan siminti.
Ya share da tafin hannu.
Gobe na sake. Ya share.
Damina guda muka yi a haka,
ni da gwiwata mai ciwo, shi da gunjinsa na ƙudan zuma.

Wata Laraba bai share ba.
Ya zagaya, ya zauna ta ɗaya gefen,
ya daɗe yana kallon uku sau huɗu ta zama huɗu sau uku,
hannuwansa na kaɗawa kamar tsuntsu zai tashi.

Sai ga Maame Adwoa daga Kejetia
da rigunan makaranta shida, kowace maɓalli biyar,
tana sauri, waya a kunne.
Na ɗebo, na ƙirga da ka, na zuba a faranti.
Nafi'u ya taso. Bai taɓa tasowa don baƙo ba.
Ya jera su: layi, layi, layi.
Na ƙarshe ya tsaya da giɓi.
Ya koma gwangwaninsa da ba ya bari a taɓa,
ya zaɓo biyu,
ya buɗe tafina da yatsunsa masu sanyi,
ya sa, ya rufe min hannu.

Maame Adwoa ta ce, "Me yaron ya ce?"

Na ce, "Ya ce talatin."
Na juya ina neman allura,
alhali tana maƙale a wuyan rigata.