Farar da Ba Ta Cin Gero

A lambun bayan Ƙofar Ƙaura
aka sauke su ran Laraba daga tirela,
ƙafafunsu naɗe da buhu kamar masu karaya.

Na goya Baba Barau a babur.
Ɗari biyu kuɗin shiga. Ya yi tsaki, ya biya.

Ga buzuzu, tsohon tankin mai ne bayansa,
yana tura dunƙulen waya da ba ya gangarawa.
Ga malam-buɗe-littafi da fukafukan langa-langa,
shafi ɗaya ya buɗe tun safe, bai juya ba.

Sai fara.
Ta fi ɗan maraƙi tsawo,
cinyoyinta salansa, idanunta fitilun basfa.
Baba ya ja ya tsaya.
Shekarar da suka sauka gonarsa ta Batagarawa
rana ta dushe da hantsi, in ji shi,
kafin la'asar gero ya koma kara tsaye.
Dami uku ya ɗaure.
Mu tara ne a gidan.

Ya miƙa sanda ya ƙwanƙwasa mata goshi.
Ƙarfe ya amsa.
"To, ci mana," ya ce. "Ga zogale nan."

Mai gadi ya ce jibi za a loda su sai Zariya.
"Dama can ba sa zama," in ji Baba.

A bakin ƙofa Tabawa na tallar soyayyar fara.
Ya sayi ta hamsin, ya ce a ƙara yaji.
Duk hanyar gida
ina jin ƙaras-ƙaras a bayan kunnena.