Kujera ta Tara

Ni ce a kujera ta tara
cikin goma sha biyun da kotun Amarillo ta tara.
Na ajiye motar 'yan makaranta kwana shida
na zo jin mutuwar matar da ban taɓa gani ba.

Ofelia Barragán, shekara saba'in da ɗaya.
Da ƙafarta ta shiga asibiti, ƙaramin aiki ne aka ce.
Ta bar wake a jiƙe, wai da ta dawo za ta dafa.
Allurar mai gadon kusa da taga
ita aka yi mata.

Mijinta Eusebio ya zo da malafa a hannu,
yana ta juya bakinta kamar mai laluben ƙofa.
Lauyan asibiti ya tambaye shi cikin ladabi,
"Nawa take ɗauka a wata?"
Ya ce, "Ba ta aiki."
Ya yi shiru, sannan ya gyara:
"Ita ke yanke mini farce tun da idona ya dushe."

Aka rufe mu a ɗaki.
Shayi ya huce, musu bai huce ba.
Wani mai garken shanu ya ce kuɗi ba sa ta da matacce.
Na ce haka ne, rashinsu ma bai taɓa tayarwa ba.
Dare ya raba muka sa hannu:
dala miliyan uku.
Na koma gida na yi barcin wanda ya sauke kaya.

Sai bayan mako uku na ji.
Ashe doka ta yi wa baƙin ciki mudu.
Albashin mamaci, a lissafa shi duka,
amma kewa, in ta cika ta yi tozo,
alƙali ya sa tafin hannu ya share baki.
Abin da ya zube ƙasa ya fi abin da ya rage,
cikin ragowar ma lauya da masu shaida na da rabo.

Sun ce don kada likitoci su tsere daga jiha.
Wataƙila. Ni ma uwata likita ke riƙe da ita.
Amma me ya hana a gaya mana,
aka bar mu muna awo da ma'aunin da ba shi za a duba ba?

Yanzu kullum ƙarfe bakwai saura kwata
motata na bi ta ƙofar gidansa.
Yana zaune a baranda, hannuwa bisa gwiwa.
Daga nan ba na hango farcensa.
Duk da haka sai na duba.