Kada Ka Wuce Arba'in

Ran Talata na turo shi daga shagon Alhaji Maccido,
leda na kan sirdi, tayoyi da gashinsu na roba.
Tanki baƙi mai siririn zanen ruwan zinare,
fitila guda, zagayayya kamar faifan rufe fura,
madubai a tsaye kamar kunnuwan zomo.
Sabo ne fil, amma da fuskar da aka ƙera shi,
irin wanda Baba ya hau yana malamin auduga,
wanda ya bar min tabon salansa a ƙauri
ina ɗan shekara shida.

Namadina makanike ya durƙusa a garejinsa na Gawon Nama,
ya kara kunne a jikin inji kamar ungozoma.
Ya ce, "Wanga jinjiri na.
Ƙarfe bai san ƙarfe ba tukuna, bari su gaisa.
Kilomita dubu, kak ka wuce arba'in.
In ka matsa mishi yanzu, shina riƙe da kai har tsufa."

To, arba'in.
Ka san arba'in a titin Kalambaina?
'Yan kabu-kabu na wuce ni kamar masu gudun bashi,
ɗaya ya waiwayo: "Baba, ko ƙwai ka ɗauko?"
Tirelar siminti ta cika min kunne da oda.
A ramukan hanyar Kware
wani jaki mai kayan albasa ya jera da ni,
muka dubi juna, ba wanda ya ce uffan.

Hannun dama na ƙaiƙayi.
Totur na raɗa min, murɗa kaɗan mana, wa zai sani?
Allura na rawa a kan layinta
ni kuma ina tsare ta kamar mai tsaron nono a wuta.

Amma shekara goma sha tara ina tsallaka gadar Rima,
sai bana na ga tsohon da ke ɗinkin koma a ƙarƙashinta.
Sai bana na san akwai giginya uku bayan lambun tafarnuwa,
na san inda ƙanshin balangu ke farawa
da inda yake ƙarewa.

A ɗari biyar muka juye baƙin mai.
Namadina ya karkata kwano ga rana,
ga garin ƙarfe na ƙyalli a ciki.
Ya ce, "Abin da sunka zubar ke nan kahin su daidaita."
Na tuna shekararmu ta farko da Kulu,
ƙorai nawa suka fashe, kalma nawa muka haɗiye.
Ban faɗa masa ba. Na biya kuɗin mai.

Jiya Asabar, bayan la'asar, a hanyar Bodinga,
tara uku suka mirgina, sifili uku suka zauna.
Na tsaya. Na cire ledar sirdi na cusa a aljihu.
Kwalta a miƙe, ba mota, ba akuya.
Na murɗa.
Hamsin. Sittin. Muryarsa ta buɗe,
ta koma irin wadda nake ji daga zaure
in ruga in buɗe wa Baba ƙyaure.
Saba'in, iska ta cika min riga,
ta sure hulata ta yi gona da ita.

Na juyo nemanta, a hankali.
Tana rataye a karan gero, ba ta ko yi datti ba.
Har gida ban lura ba,
ashe allura ta koma arba'in da kanta.

A ƙofar gida Inno na jira, takalmi ƙafa ɗaya.
Na ɗaga ta na ɗora, ta riƙe min riga da hannu biyu,
na ji bakina ya ce, da muryar da ba tawa ba,
"Ɗage ƙafarki, salansa da zafi."