Rugugi

Daren Talata, fitila na gab da mutuwa,
na ɗauki jan biro ina duba aikin yara.
Na ce su gina jimla da kalmar rugugi.
Talatin da bakwai sun kawo mini hadari,
biyu sun kawo cikin mai azumi,
Hansatu kuwa ta rubuta:
"Tun da aka sallami Baba daga aiki
gidanmu rugugi yake yi."

Na ɗaga biro zan soke.
Gida ba gajimare ba ne, yarinya,
gida ba shi da hanji.
Sai hannun ya tsaya a sama.

Rugugi ba tsawa ba ne.
Tsawa takan faɗi tata ta gama,
ta tsaga darbejiya, ta firgita akuya, ta wuce.
Shi kuwa magana ce da aka haɗiye,
tana juyi can ƙasan maƙoshi.
In hadari ya haɗo daga gabas
Kufena ya amsa masa ƙasa-ƙasa,
kafin ɗigo ɗaya ya taɓa kwano
matan Tudun Wada sun kwashe shanya.
Ba wanda ya aika musu.

Furta kalmar sannu, ka saurari bakinka:
ru, gangar mai ta mirgino daga tudu,
gu, ta faɗa tsohuwar rijiya,
gi, har yanzu ba ta kai ƙasa ba.
Ba shi da haƙoran gurnani,
bai iya kururuwa ba.
Ƙugi ƙanensa ne, cida yayarsa,
duk gidansu ba mai ɗaga murya.

Mahaifina Barau, mai duba layin dogo,
kunnensa ya riga ƙafarsa ritaya.
Da la'asar sai ya ce in raka shi Sabon Gari,
ya tuɓe takalmi, ya ɗora tafin ƙafa kan ƙarfe,
ya lumshe ido, ya ce, "Yana tafe."
Ni ba na jin komai
sai cinikin rake da ƙararrawar keke.
Sai na shanye gaɓa biyu
kafin jirgin ya ɓullo.

Aka zo shekarun da jirgi ya yi wuyar gani,
ciyawa ta rufe layi, tumaki na kwana a kai,
bai fasa cewa yana tafe ba.
Muka ce tsufa ne.
Daren ƙarshe a asibitin Shika
na ɗora tafin hannu a ƙirjinsa,
na ji abin nan yana birgima a ciki,
nesa, amma ba ya tsayawa.
Ranar na koyi ji da fata.

To, Hansatu, na san gidan da kike nufi,
ko da ban taɓa taka zaurenku ba.
Ba a faɗa, ba a fasa kwano.
Inna na daka ɗan hatsin da bai rufe gindin turmi ba
da ƙarfin da ya isa tiya uku.
Baba ya rage rediyo har ta zama numfashi,
yana gyaran murya, ba ya cewa komai.
Mudu na kankare gindin buhu.
Ke kuma kina kwance kan tabarma,
bayanki na jin abin da kunne bai ji ba.

Ƙamus ya ba kalmar ɗaki ɗaya,
ke kika buɗe mata ƙofar baya.

Na ajiye jan biro, na nemo fensir,
na rubuta a gefe, ƙanana:
"Daidai ne. Ki same ni bayan an tashi."
Me zan ce mata gobe, ban sani ba.

Fitila ta mutu.
Can wajen Dakace sama ta gyara murya.
Na tashi in kwashe shanyata.