Mai Sauya Lamba a Bakin Gari

Ni ne Alois, mai tsani da gwangwanin fenti,
mai hawa allon bakin gari
in goge lamba, in rubuta sabuwa.
Ran da na fara, gashina baƙi wuluk,
allon ya ce ɗari takwas da sha biyu,
na san kowa, na san karensa,
na san wanda ke kauce hanya don bashi.

Bana dubu sittin da ɗaya.
Sai da na matse sifili ya rame
kafin lambar ta sami wurin zama.

Mashigin Dolezal, a ƙasar Teksas.
Sunan wani mai amalanke ne
da ƙafar kekensa ta karye a tsakiyar rafi.
Bai zaɓi wurin ba, laka ce ta zaɓe shi.
Kwana uku yana jiran maƙeri,
maƙeri ya zo, shi ma bai koma ba.
Littafin makaranta ya ce hangen nesa ne.
Kakata ta ce taurin kai ne
da rashin kuɗin komawa.

Ga tankin ruwa can, tsaye kamar zalɓe,
da shi muke gane gida tun daga mil goma.
Asibiti mai hawa tara ya sha gabansa,
cikinsa ba ɗigo, sai tattabaru,
amma majalisa ta hana a taɓa shi,
har ta manna hotonsa a jikin motar shara.

Gidan gurzar auduga bai faɗi ba.
A watan tara farin kan tashi,
ya maƙale a waya, a gira, a tuwon baki.
Yanzu kofi ake sayarwa a ciki,
kofi ɗaya ladan yinin mahaifina.
Na sha sau ɗaya. Da daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Titin Gonar Masara, ba ko kara.
Unguwar Makiyaya, ba ko kofato.
A nan, abin da aka binne
shi ake raɗa wa titi sunansa.

Kaburbura arba'in da bakwai suka ƙi tashi,
aka zagaye su da wurin ajiye motoci.
Ludmila tawa tana layi na uku,
kusa da inda ake tura kekunan cefane.
Ba na jin tana fushi.
Mace ce mai son jin wa ya zo, me ya saya.

Ran Asabar wata yarinya ta riƙe mini tsani,
Devika, iyayenta bara suka sauka.
Ta ce, "Kaka, ina mashigin yake?"
Shekara talatin ba wanda ya tambaye ni.
Na kai ta bayan gidan mai,
muka gangara ƙarƙashin gada,
inda aka cusa rafin a kwalbati
yana tafiya a sunkuye kamar mai laifi.
Ta tona laka da tsinke,
ta zaro guntun ƙarfe da tsatsa ta cinye.
Na gane shi, na tsohuwar motar Benito Arriaga ne.
Na buɗe baki, na ga idonta, na rufe.

Yana nan a tsohuwar tashar jirgi,
cikin akwatin gilashi, kusa da fitilar mai tuta,
da takarda da rubutun hannunta:
"Wataƙila na Dolezal ne."
Wataƙila ɗin ce ta burge ni.
Littafinmu bai taɓa faɗinta ba.

Baɗi, an ce, allon ƙarfe za a kafa,
inji zai buga, ba sauran tsani.
Na roƙi na katakon, an bar mini.
Fenti kan fenti, kauri ya kai ɗan yatsa,
amma in ka shafa a hankali, wajen hagu,
za ka ji cikin takwas ɗin nan ta farko
yana turo tafin hannunka.