Naira Ɗari Uku da Arba'in

Damina biyu da rani uku
banki yana bina bashi.
Da katinsu na ɗauki injin ban-ruwa,
da taki buhu shida, da irin albasa,
sai saƙo ya riƙa faɗowa wayata
tun ladan bai gyara murya ba:
ranar biya ta matso, Malam Nomau.
Na san ƙarar nan kamar yadda na san tarin mahaifina.

Ranar da motar Anacha ta kwashe albasata
daga kasuwar Aliero,
ko fura ban tsaya sha ba.
Na tura musu kuɗinsu a dunƙule,
na ɗora 'yan kai don kada a ce da saura,
na wanke hannu a bakin rijiya
har gwiwa, kamar mai alwala.

Da asuba wayar ta sake kuka.
Gabana ya faɗi, na ce, me kuma?
Ɗiyata Hajo ta karanta, ta sake karantawa,
ta ce, Baba, ka biya har ka zarce,
yanzu kai ne kake bin su,
naira ɗari uku da arba'in.

Na zauna kan kututture na yi dariya
har hulata ta faɗi.
Ni, mai faso a dunduniya,
ina bin gidan gilashi bashi,
gidan da ƙofarsa ke magana,
wanda mai gadinsa ya taɓa cewa
in kakkaɓe takalmina kafin in shiga.

Sai dai kuɗin ruwa ne a gindin randa,
kana ganin ƙyallinsa, moɗa ba ta kamo shi.
Na'urar jikin bango ba ta san ƙasa da dubu ba.
Sahabi mai POS na bakin tasha
ya ce ɗari tasa ce, ladan latsawa.
Zuwa reshen Jega da dawowa a kabu-kabu
zai ci kuɗin sau huɗu,
ban da layi, ban da takardar cikewa,
ban da dawo gobe, na'ura ta tsaya.
Wa ke sayar da akuya don ya fanso igiyarta?

Kulu ta ce gishiri ya ƙare a gida.
Ƙanena ya ce in na bar su wata uku
ɓeran caji zai gwaguye su tas.
Liman ya ce halalinka ne,
kuma halal ba ta ƙanƙanta.
Kwana biyar ina juya maganar
kamar mai juya albasa a rumbu.

Hajo ce ta raba gardama.
Ta latsa, ta latsa, ɗari uku ta koma katin waya.
Na kira Kakale a Yawuri,
wanda ya sa hannu ya tsaya mini
lokacin da 'yan uwa kowa ya kama tari.
Na ce masa igiya ta kwance.
Ya yi shiru, ya yi hamdala,
ya tambayi ciwon bayana, na tambayi jirginsa,
muna cikin gaida iyali kuɗin ya ƙare,
layin ya yanke a tsakiyar sunan matarsa.

Saura arba'in.
Ko ledar ruwa ba za ta saya ba.
Hajo ta ce, Baba, a ƙaro a kai a cire?
Na ce bar su.

Katin yana aljihun tsohuwar rigata
tare da goro busasshe da rasit ɗin taki.
In dare ya yi na miƙe ƙafa,
nakan tuna can wani wuri mai sanyi,
cikin wata na'ura da ba ta barci,
an rubuta sunana, an rubuta arba'in a gabansa.
Su kwana da shi, su ji yadda ake kwana.
Ni dai ba zan aika musu saƙo ba.
Ba na tashin mutum da asuba.