Shaidar Wuta

A São Carlos, hawa na uku, ruwan Janairu na dukan taga,
Neuza Bortolin ta zuba roba iri biyu a kwalba guda,
ta narkar da su, ta shimfiɗa a faifan gilashi,
ta bar su su kwana.

Da safe fatar ta bushe, garau kamar ruwan tulu.
Ta ɗora ta kan jarida,
ta karanta farashin lemu ta cikinta.
Valdir, mai masana'antar bokiti, ya tafa hannu:
"Sun haɗu! Rubuta min takarda in tafi."

Ido ya san ƙima, amma ba mudu ba ne.
Baƙi biyu kan saka riga iri ɗaya,
haske ya ratsa su bai tsaya tambaya ba.

Ta yanko ɗan ƙiris, bai kai ƙwayar shinkafa ba,
ta rufe a kaskon alminiyom mai girman maɓalli,
ta miƙa wa na'urar da ke ƙara zafi a hankali,
digiri goma kowane minti.
Kowace roba da ranar da take sakin jiki,
taurinta ya karye, sarƙoƙinta su soma motsi.
In sun zama ɗaya, tare za su saki,
layin ya gangara sau ɗaya.
In zaman doya da manja suke,
kowa zai saki a nasa lokaci.

Layin ya tafi, ya tafi,
ya gangara sau ɗaya.
Valdir ya miƙe. Ta ce, "Zauna."

Ta kai fatar ƙarƙashin madubin ƙara girma,
ta hura mata wuta daga ƙasa.
Ɗari da ashirin, shiru.
Ɗari da arba'in, sai ga fari yana tsiro,
ɗigo-ɗigo, kamar madara ta tsinke,
kowace sarƙa na laluben danginta.

"Injinka a nawa yake narka su?"
"Ɗari biyu."
Ya dubi hularsa. Ya riga ya sayi tan shida.

Ta rubuta masa layi biyu, ta sa hannu:
cikin sanyi sun yarda da juna,
a tukunyarka ban yi alkawari ba.

Ya sauka. Ruwan bai ɗauke ba.
Ta bar fatar ta huce a bakin taga,
tana leƙawa jefi-jefi
ko za su shirya kafin la'asar.